Yawon ƙafa a bakin ruwan Tomas da gonakin Ɗambatta

Duk wanda ya ce zai shiga daji a arewacin Kano, to a gaya masa gaskiya tun bai ɗaura takalmi ba: dajin ya daɗe da zama gona. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Ɗambatta, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka hango rufin kwano ko rumbu ba. Gandun daji na sosai yana kudu, wato Falgore, wajen Tudun Wada da Doguwa, wanda sojoji suka yi atisaye a cikinsa a 2017 saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Ba wurin da za a kai yara shan iska ba ne. Akwai kuma dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja, wanda ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, amma wannan tafiya ce ta kwana. Mai neman yawon safiya ɗaya, da inuwa da bakin ruwa, ya kama hanyar Daura ya nufi Ɗambatta. Tafiyar kamar awa guda ce a mota idan an tsallake cunkoson fita gari.

Abin da zai tarar a can, a ganina, ya fi dajin da babu kowa ban sha'awa. Itatuwa ne manya tsaye cikin gonaki, tazara-tazara, kuma babu wanda ya girma da ka. Manomi ne ya ga tsiron yana noma, ya kauce masa da fartanya, ya yi masa shinge don awaki. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya kuma nuna cewa yawan jama'a bai cinye itatuwan gona ba kamar yadda aka yi ta hasashe, domin masu gonar ne ke kiwonsu.

Saboda haka ka tafi a hankali, ka riƙa ɗaga kai. Gawo shi ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, lokacin da kowa ya yi kore, sai ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana a gindinsa, da rani kuma ya yi shar. Idan ka ga tumaki sun yi cincirindo ƙarƙashin wata bishiya a watan Fabrairu, 'ya'yan gawo suke tsinta. Ɗorawa kuwa a wannan lokacin take sako tutu, jajaye, suna reto a dogon sili, kafin su zama kwasfar da ake fidda kalwa a yi daddawa. Ga tsamiya, ga kanya, ga kuka da aka sassabe wa rassa don miya har ta koma dungu-dungu. Kada ka miƙa hannu ka tsinki komai. Kowace bishiya da mai ita, a wasu wuraren ma ɗorawa kan shiga rabon gado. Ka roƙa, za a ba ka fiye da abin da za ka iya ɗauka.

Ruwan kuwa shi ne madatsar Tomas, ɗaya daga cikin dam-dam ɗin da jihar Kano ta gina a shekarun 1970, bisa shirin da gwamnatin Audu Bako ta faro. Hanyar bakinsa shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, tsoho da yaro duk za su iya. Ka iso da sanyin safiya, masunta na janye taru, kwalekwale na dawowa da karfasa da tarwaɗa. Zalɓe na tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, balbela na bin shanu, kirinjijiya na wucewa garke-garke da fito. Tsakanin Oktoba da Maris akan ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka ƙetaro Sahara daga Turai gudun sanyi. Inda ruwa ya ja baya kuma 'yan lambu sun bi shi da tumatir da albasa da tattasai, injin ban-ruwa na ta ƙara.

Duk yadda zafi ya dame ka, kada ka shiga ruwan. Za ka ga yaran gari na ninƙaya, sai ka ce ai ba komai. Ruwan dam da ke kwance matattarar tsargiya ce, ta fata take shiga, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Ruwan sha da na alwala ka taho da abinka.

Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, fili ya buɗe, ana hangen nesa. Ranar da hazo ya sauko sosai gara a ɗaga tafiyar, don ko ɗaya gaɓar ba za ka gani ba. Da damina dawa ta fi ka tsawo, hanyoyi sun yi caɓi, kuma ratsa shukar mutum neman rigima ne. A kowane lokaci dai burtali ya fi: hanyar shanu ce, da shingen aguwa ko bini-da-zugu dama da hagu, ba ta shiga gonar kowa. Idan garke ya taho, ka raɓe ka ba shi hanya. Silifa ba ta wannan tafiya, ƙarangiya da ƙaya za su hana ka sakat. Takalmi rufaffe da dogon wando, sannan a guji tura hannu cikin tarin kara ko ramin gara, maɓoyar kububuwa ce.

Kafin komai, ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Ka gaisa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da wani saurayi ɗan gari, ka kuma yi masa ihsani a ƙarshe. Baƙon da ke zagaya gonaki da waya a hannu ba wanda ya san shi, a wannan zamani abin zargi ne, kuma mutane na da hujja: a 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Ka tambayi labarin hanya a tasha kafin ka tashi, ka kuma juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Wanda ka tarar yana aiki, "sannu da aiki, Baba" ta isa ta buɗe maka hira. Hoton mata a bakin rijiya ko a lambu, a bar shi, sai in an ba da izini.

In ka zaɓi Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta ce. Motoci sun fi samuwa, amma hanya kan cushe da tirelolin shanu, don haka a yi yawon da sassafe, a shiga kasuwar da hantsi a sha fura da nono kafin a kamo hanyar gida.