Me Ya Sa Nauyin Kulorin Yake 35.5?

Tambaya: Malam, ina aji ɗaya a babbar sakandare. An koya mana cewa furoton da nutiron ba sa rabuwa gida biyu, to daga ina rabin nan ya fito a nauyin kulorin? — Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Ɗiyata, tambayarki ta yi ma'ana. Babu ƙwayar zarrar kulorin ko ɗaya mai nauyin 35.5. Kulorin iri biyu ne a gauraye, kowanne da furoton 17, amma ɗaya nutiron 18 gare shi, ɗayan 20. Su ake kira isotof: kulorin-35 da kulorin-37. A cikin kowace ƙwaya ɗari, kusan 75 masu sauƙin ne, 25 masu nauyin.

Ɗauki biro ki gwada: 35 sau 75 ya ba da 2625, 37 sau 25, 925. Ki haɗa, ki raba da 100. Ga 35.5 ɗinki.

Kada ki haɗa 35 da 37 ki raba biyu. 36 za ki samu, kuma nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki a WAEC. Kullum ki duba: amsar ta fi kusa da wanda ya fi yawa?

Yanzu ki gwada tagulla: tagulla-63 kashi 69 cikin ɗari, tagulla-65 kashi 31.