Slot: Kafa, Kujera, Gurbi Ko Caca?

A ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano, inda mai wannan rubutu ya daɗe yana aikin fassara, akwai kalmar Ingilishi guda da ke kayar da sabon ɗan koyo tun makonsa na farko: slot. Haruffa huɗu ne kacal. Ran da aka miƙa wa wani matashi labarin cewa Saudiyya ta ware wa Najeriya slots 95,000 a aikin Hajjin 2023, sai ya buɗe ƙamus, ya ɗauki ma'anar da ya fara cin karo da ita, ya rubuta "ramuka". Alhali maniyyaci kujera yake biya, kuma da kujera kowa ya san ta, daga hukumar alhazai har zuwa zauren mai unguwa.

Yaron bai yi nisa da asalin kalmar ba. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, kuma da can tana nufin ɗan kwarmin nan da ke tsakanin wuya da ƙirji. Daga baya ta koma sunan kowace siririyar kafa da aka tsaga don wani abu guda ya shige. Wanda ya taɓa jefa kwabo a asusun ƙasa ya san ta: wannan tsagar ta saman asusu ita ce slot. Haka bakin na'urar ATM da ke haɗiye kati, haka gidan sim da gidan memori da masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ke tsokana da allura kullum.

Daga kafar da ake gani da ido, sai kalmar ta tsallaka zuwa wadda ba a gani. A rediyo, slot fili ne a jadawalin shirye-shirye, kamar rabin awa bayan labaran yamma, kuma kowane mai talla ya san kuɗin filin dare ba ɗaya yake da na tsakar rana ba. A harkar jiragen sama kuwa izini ne na sauka ko tashi a wani ƙayyadadden lokaci. A filin jirgin Heathrow na Landan, inda cunkoso ya kai maƙura, wannan izini dukiya ce ta gaske: a 2016 an ruwaito cewa kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 don samun na sauka ɗaya da na tashi ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar cewa kamfanin da bai yi amfani da kashi 80 cikin ɗari na lokutansa ba yana iya rasa su. A ƙwallon ƙafa gurbi ake cewa: Afirka ta tashi daga gurabe 5 zuwa 9 a gasar cin kofin duniya ta 2026. Shi kuwa Arne Slot, kocin da ya ci wa Liverpool kofin Firimiya a 2025, sunansa ne na Holanci, ba abin fassarawa ba ne.

Duk waɗannan, in an yi kuskure, gyaran alƙalami ne. Ma'anoni biyu ne ke damun marubucin nan, domin su kan aljihun talaka suke faɗawa.

Ta farko ita ce ta aikin gwamnati. A Turancin Najeriya, in aka ce wane yana da slot, ana nufin an yanka wa wani babba kason guraben aiki ya raba wa wanda ya ga dama. Kalmar ta shiga bakin matasa har ta zama kamar halas: "Yallaɓai ya ba ni slot." A nan 'yan damfara suka samu kasuwa. Wani zai bugo waya ya ce saura slot biyu a wata hukuma, a turo kuɗi kafin magariba. Uba ya sayar da gona ko bijimi, a miƙo wa ɗansa takardar kama aiki mai tambari, ya je ofis a ce ba a san da ita ba. Saƙonnin masu sauraro irin wannan sun sha zuwa teburin fassara, kuma kusan duk da kalmar nan suke farawa. Abin ya yi ƙamari har majalisar wakilai ta kafa kwamiti a 2023 don binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Shi ya sa mai wannan rubutu ba ya barin kalmar da Turancinta a irin wannan labari. In cinikin aiki ne, ya rubuta cinikin aiki. In cin hanci ne, ya kira shi da sunansa. Turancin yana lulluɓe munin abin, Hausar kuwa tana yaye shi.

Ta biyu ta fi ɓoyewa. Wata rana wani ɗalibi ya nuna wa marubucin nan talla a wayarsa mai cewa free slots, yana murna ya samu gurbin karatu kyauta. Da aka latsa, sai ga hotunan lemo da ƙararrawa suna juyawa. Caca ce. Slots, in ta zo a jam'i tare da alkawarin garaɓasa, na'urar caca take nufi, kuma sunan ya samo asali ne daga kafar jefa sulalla. Wani makaniki mai suna Charles Fey ne ya ƙera shahararriyarta ta farko a birnin San Francisco na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, mai faifai uku masu juyawa. Su kansu Turawa laƙabin da suka yi mata shi ne ɗan fashi mai hannu ɗaya, saboda sandar da ake ja a gefenta.

Yau a waya babu sanda, babu sulalla, sai manhaja. Lissafin dai bai sauya ba: an tsara ta ne ta mayar da ƙasa da abin da ta karɓa, kuma kowane juyi ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Yaron da ke cewa ya kusa ci saboda ya faɗi sau goma a jere, bai matsa ko taku ɗaya ba. Juyin kyauta na farko tsaba ce ake watsa wa kaza.

Don haka ga roƙon marubucin nan ga abokan aikinsa masu fassara, da malaman Turanci, da iyaye masu saya wa yara waya: duk inda kuka ga slot, ku tsaya ku tambaya, slot na mene ne, kuma wa ke bayarwa? In aka ce sai an biya kafin a samu na aiki, kada ku tura ko sisi. In kuma kun gan ta a wayar ɗanku tare da hotuna masu juyawa, ku zaunar da shi yau ɗin nan ku gaya masa caca ce.