Darasi: Mafarkin Ƙarshen Duniya

A karanta Daniyel sura 2 da Irmiya 23:25-32 kafin a soma darasin.

Sau da yawa mai bi yakan farka da tsakar dare jikinsa yana rawa, gama ya yi mafarki sama ta tsage, ko wuta ta cinye gari, ko kuwa an busa ƙaho an ɗauke tsarkaka, shi an bar shi. Da gari ya waye sai ya tambayi kansa ko Allah ne ya yi masa magana. Bari mu ga abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana a kan wannan.

1. Allah ya taɓa bayyana ƙarshen al'amura ta mafarki

A shekara ta biyu ta sarautarsa, Nebukadnezzar sarkin Babila ya yi mafarkin wani babban gunki. Kansa na zinariya ne, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, sawayensa kuwa ƙarfe gauraye da yumɓu. Sai wani dutse, wanda ba hannun mutum ya sare shi ba, ya bugi sawayen, gunkin ya farfashe, iska ta kwashe shi kamar ƙaiƙayi. Dutsen kuwa ya zama babban tsauni, ya cika duniya.

Bokaye da masu duba na Babila suka kasa. Daniyel da abokansa uku suka roƙi Allah, shi kuwa ya buɗe masa asirin: mulkokin mutane za su shuɗe ɗaya bayan ɗaya, amma mulkin Allah zai tsaya har abada. Babila kanta ta faɗi a hannun Farisawa a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Mu lura da abu biyu. Fassarar ta zo ta wurin addu'a. Ba a kuwa faɗa wa sarki rana ko shekarar da dutsen zai faɗo ba.

2. Ba kowane mafarki ne daga Allah ba

Mai-Wa'azi 5:3 ya nuna yawan ɗawainiya yakan haifi mafarki. Ishaya 29:8 ya ba da misalin mayunwaci wanda yakan yi mafarki yana cin abinci, ya farka cikinsa wayam. Haka nan mai zazzaɓi, da wanda ya kwana da labarin yaƙi a kunnensa, da wanda lamirinsa yake kāshe shi saboda zunubi. A zamanin Irmiya waɗansu annabawa sun ruɗi jama'a da mafarkansu, Ubangiji kuwa ya kwatanta mafarkan nan da tattaka, Maganarsa da alkama.

3. Ma'aunin da za mu gwada mafarki da shi

Na fari, ya yanke rana? Yesu ya faɗa a Matta 24:36 ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko da mala'iku, sai Uba kaɗai. Mafarkin da ya sa rana ya saɓa wa Ubangiji.

Na biyu, ina yake jan mutane? Kubawar Shari'a 13:1-5 ta gargaɗe mu kada mu saurari mai mafarkin da yake janye mu daga bin Allah, ko da alamarsa ta cika.

Na uku, wane irin 'ya'ya yake haifarwa? A Tasalonika waɗansu sun firgita, waɗansu sun bar aiki suna zaman banza. Bulus ya umarce su su natsu, su ci guminsu.

Sakaci da wannan ma'auni ya jawo hasara mai yawa. A Koriya ta Kudu wani mai wa'azi, Lee Jang Rim, ya ce za a ɗauke masu bi ran 28 ga Oktoba, 1992. Waɗansu suka sayar da gidajensu, suka bar aiki. Ranar ta wuce, shi kuwa aka ɗaure shi saboda zamba. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, shugabannin wata ƙungiya masu cewa suna ganin wahayi sun sa ranar ƙarshen duniya. Da ba ta cika ba, ɗaruruwan mabiyansu suka ƙone cikin ɗakin sujadarsu ran 17 ga Maris, 2000.

4. Abin da mai mafarki zai yi

Ɗan'uwa, in ka yi irin wannan mafarki, kada ka kai shi wurin mai duba, kada kuma ka yi gaggawar shelarsa cikin ikkilisiya. Ka yi addu'a, ka auna shi da Maganar Allah, ka shawarci fasto ko dattawa. In ya tuna maka da zunubin da ba ka tuba ba, ko ɗan'uwan da ba ka gafarta wa ba, sai ka gyara yau. Sa'an nan ka ɗauki fartanyarka ka tafi gona, gama bawan da Ubangiji ya ce mai albarka ne, shi ne wanda ubangidansa ya tarar yana bakin aikinsa.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta Daniyel da bokayen Babila?
2. Don me Allah ya ɓoye mana ranar?
3. Ƙaƙa za mu taimaki ɗan'uwan da mafarki ya tsorata?

A rufe da addu'a domin masu jin tsoron zuwan Ubangiji, su sami salama cikin Almasihu.