Amsoshin Tambayoyinku: Gas ɗin Firji da Sanyin Allurar Rigakafi

Tambaya: Ina cikin matan da ke taimakawa lokacin rigakafi. Mai gyara ya ce gas ɗin firjinmu na gida ya ƙare, to wane irin gas ne wannan? Sannan me ya sa a wajen horo ake hana mu jingina wasu kwalaben allura da ƙanƙara, alhali zafin garinmu sai wanda ya gani? Daga wata mai karatu a Maigatari, Jihar Jigawa.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari.

Mu fara da randarki. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da gauta, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Aikin firji ke nan, sai dai nasa ruwan sinadari ne da aka kulle cikin bututu, wanda ba ya jiran wuta kafin ya tafasa. Mai suna R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili. Yana tafasa, sai ya zuƙe zafin abin da ke cikin firjin ya zama iska. Kwamfuresa, wato injin nan mai gurnani a ƙasa, ta matse iskar, ta tura ta bututan baya inda take zubar da zafin ta koma ruwa, ta sake zagayowa. Shi ya sa bayan firji ko gefensa ke da ɗumi.

Ke nan firji ba ya cin gas. In ya ƙare, akwai inda ya huje. Ki sa mai gyara ya nemo hudar ya liƙe kafin ya ɗura sabo, in ba haka ba kuɗinki ne zai bi iska.

Da can ana amfani da sinadarai masu guba irin su amoniya a firji. Wajajen 1930 aka fito da Freon a Amurka, ana murna, sai daga baya aka gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana, har ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina shi. R134a da ya gaje shi kuma yana ƙara ɗumamar yanayi, don haka yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ce a rage shi. Yawancin sababbin firji R600a suke ɗauka. Shi kuwa yana kama wuta, saboda haka kada ki bari a riƙa sassaƙar ƙanƙara da wuƙa. Sunan gas ɗin na rubuce a takardar da ke manne a bayan firjin.

Tambayarki ta biyu ta fi nauyi. Yawancin alluran rigakafi a asibitin unguwa suna son digiri 2 zuwa 8 ne, ba ƙasa ba, ba sama ba. Ɗigon shan inna yana jure daskarewa, zafi ne abokin gabarsa. Amma penta, da ta tetanus da ake yi wa masu ciki, da ta ciwon hanta, suna ɗauke da wani sinadarin alminiyom mai ƙara musu ƙarfi. Da sun daskare, ya dunƙule, ko an narke ba ya komawa yadda yake. Yaro zai sha allura, ya yi kukansa, uwa ta tafi da kati a cike, kariyar kuwa ta ragu ko babu. A ganina wannan ya fi zafi haɗari a irin garuruwanmu, domin kowa na gudun rana, ba a cika zargin ƙanƙara ba. Alamar nan ta jikin kwalba, murabba'i cikin da'ira, wadda in murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ake ajiye kwalbar gefe, zafi kaɗai take nunawa. Ba ta san daskarewa ba. Shi ya sa ake cewa ki fito da fakitin ƙanƙara ki ajiye a kan tebur, sai kin girgiza kin ji ruwa na motsi a ciki, sannan ki jera a akwatin alluran.

Ba rigakafi kaɗai ba. Jinin ƙari a digiri 2 zuwa 6 ake ajiye shi, insulin na masu ciwon suga da allurar oxytocin ta tsayar da jini bayan haihuwa su ma sanyi suke so. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, firji mai aiki da hasken rana ne mafita. Wasu ma ba su da batir, da rana suke daskarar da ruwan da ke jikin bangonsu ya riƙe sanyi har wayewar gari.

Ko a karar Maigatari ranar Alhamis maganar nan na nan. Rigakafin ciwon huhun shanu da ake yi a cibiyar Vom kusa da Jos, in an yi yini da shi a aljihun riga, makiyayi ya biya kuɗin banza. Irin bijimin da ake yi wa saniya barbara ta allura kuwa, cikin ruwan naitrojin ake ajiye shi, a digiri 196 ƙasa da sifili, kuma a haka yakan yi shekaru bai lalace ba.