Zafin Ƙarƙashin Ƙasa: Haɗin Gwiwar Ƙasashe Wajen Haƙo Shi, da Rabon Manomin Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko wadda ta ratsa Bichi ta nufi Tsanyawa, zai lura cewa da ƙyar ake samun filin da aka bari haka kawai. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, kuma kowace damina sai an noma ƙasar ba hutu, da taimakon takin dabbobi da jujin birni. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya ja hankalin duniya ga wannan karkara mai cunkoson jama'a. A shekarar 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon wani bincike da shi da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka yi a kan itacen girki a Kano. Binciken ya nuna cewa manoman yankin suna tattalin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke gonakinsu, yawancin itacen da birni ke ƙonawa kuwa daga dazuzzuka masu nisa ake kwaso shi.

Ke nan makamashi tsohuwar damuwa ce a wannan yanki. Ana girki da itace da kara, ana ban-ruwa da fetur, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas ko a garuruwan da aka ja musu waya. Saboda haka idan ɗalibi ya ji cewa wasu ƙasashe suna samun wuta daga zafin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu, ba laifi ba ne ya tambaya: shin ƙasar Kano ba ta da nata zafin ne?

Inda zafin yake fitowa

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta akwai tazarar kimanin kilomita 6,370, kuma zafin can tsakiyar ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salsiyos. Wani ɓangare na zafin saura ne daga lokacin da duniya ta dunƙule, wani kuma yana fitowa ne daga sinadaran yuraniyom da toriyom da fotasiyom, waɗanda suke narkewa sannu a hankali a cikin duwatsu suna fitar da ɗumi. A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata malami ya gyara wa ɗalibansa. Da sanyin safiyar hunturu ruwan rijiya yakan fito da ɗumi, har a ga yana ɗan tururi a bakin guga. Wannan ɗumi ba daga can cikin duniya ya taso ba. Zafin rana ne na tsawon shekara da ƙasa ta adana, domin a zurfin mita goma ko fiye ƙasa ba ta san bambancin hunturu da bazara ba. Tana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a Kano bai wuce digiri 26 zuwa 28 ba. Shi ya sa ruwan rijiyar nan dai yakan zama mai sanyi a watan Afrilu. Ruwan bai sauya ba, iska ce ta sauya.

Don a juya injin wuta yadda zai biya kuɗinsa, ana son ruwa ko tururin da ya kai digiri 150 ko fiye. Lissafin mai sauƙi ne: idan an fara daga digiri 27, ana ƙara 25 a kowace kilomita, sai an nutsa kusan kilomita biyar. Rijiyar burtsatse a ƙauyukan Kano da wuya ta kai mita 100. Inda ake dacewa shi ne wuraren da ɓawon duniya ya tsage, narkakken dutse ya matso sama, kamar Aislan da Italiya da Indunusiya da Babban Kwarin Gabashin Afirka. A garin Larderello na Italiya aka fara gwadawa a 1904, lokacin da Piero Ginori Conti ya kunna ƙwayayen fitila biyar da tururin ƙasa, kuma a 1913 aka kafa tashar wuta ta farko a can.

Darasin Kenya

Labarin Olkaria, kusa da tafkin Naivasha a Kenya, shi ne ya fi nuna amfanin haɗin gwiwa. A shekarun 1950 aka haƙa rijiyoyi biyu a wurin, ba su ba da abin kirki ba, aka yi watsi da aikin. Sai a farkon shekarun 1970 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da gwamnatin Kenya aka sake bincike, aka haƙa sababbin rijiyoyi, aka tabbatar da tururi. Da rancen Bankin Duniya aka gina tashar, ta fara ba da megawat 15 a 1981, ta farko irinta a Afirka, ta kai megawat 45 a 1985. Daga baya Japan da Jamus da Faransa da Bankin Zuba Jari na Turai suka sa kuɗi aka faɗaɗa. A yau ƙarfin tashoshin tururin Kenya ya kusa megawat 1,000, wato ya zarce megawat 760 na madatsar Kainji, kuma kimanin kashi biyu cikin biyar na wutar ƙasar daga nan yake fitowa. Ba ruwan wannan wuta da fari, ba ruwanta da dare ko rana.

Me ya sa Kenya ba ta yi ita kaɗai ba? Amsar tana cikin yanayin aikin. Rijiya ɗaya mai zurfin kilomita biyu zuwa uku takan ci dala miliyan biyar ko fiye, kuma babu mai tabbatar da abin da ke ƙasa sai an haƙa. Ana iya kashe kuɗin a tarar da dutse mai zafi amma busasshe. Babu bankin kasuwanci da zai ba da rance a kan irin wannan kasada. Don haka a 2012 Hukumar Tarayyar Afirka, da tallafin Jamus da Tarayyar Turai, ta kafa wani asusu na rage hasarar haƙa, wanda yake ɗaukar wani kaso na kuɗin bincike da na rijiyoyin gwaji. Ƙasashen gabashin Afirka aka yi wa shi. Nijeriya ba ta ciki. A Disamban 2015 kuma, a taron sauyin yanayi na Faris, aka ƙaddamar da ƙawancen duniya kan zafin ƙarƙashin ƙasa a ƙarƙashin hukumar IRENA mai hedkwata a Abu Dabi.

Amma abin da ya fi kuɗi tasiri shi ne horar da mutane. Aislan ƙaramar ƙasa ce, jama'arta ba su kai na wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba, sai dai bayan tashin farashin mai na 1973 ta dage har kusan gidaje tara cikin goma suka koma ɗumama ɗakunansu da ruwan zafin ƙasa. A 1978 ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda dai ta buga binciken itacen Kano, aka buɗe shirin horo na wata shida a Reykjavik. Ɗaliban farko sun shiga a 1979. Zuwa yanzu an horar da fiye da mutum 700 daga ƙasashe sama da 60, kuma 'yan Kenya kaɗai sun haura ɗari. Tun 2005 ake gudanar da gajerun kwasa-kwasai a Kenya kanta, inda tsofaffin ɗaliban suka zama malamai. A 2020 shirin ya koma ƙarƙashin inuwar UNESCO. Injin da aka sayo yakan tsufa ya lalace, amma waɗannan injiniyoyi su ne yanzu ake ɗauka haya su haƙa rijiyoyi a Habasha da Jibuti.

Akwai ɓangaren labarin da bai da daɗi, kuma ya shafi mutumin karkarar Kano kai tsaye. Da za a faɗaɗa Olkaria, an tashi iyalan Masai makiyaya daga matsugunansu a 2014. Suka kai ƙara ga kwamitin bincike na Bankin Duniya, shi kuma a 2015 ya gano cewa ba a bi wasu ƙa'idojin bankin ba wajen sake tsugunar da su. Idan haka ta faru a ƙasar kiwo mai faɗi, sai a auna yadda za ta kasance a Kunci ko Makoɗa, inda kowane taƙi na gona gādo ne, kuma an zuba masa taki shekara da shekaru.

Abin da Nijeriya take da shi

Maɓuɓɓugan ruwan ɗumi su ne alamar farko. Akwai Wikki a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, mai digiri 31 rani da damina. Akwai Ikogosi a Jihar Ekiti. Akwai Akiri a Jihar Nasarawa da Ruwan Zafi na Lamurde a Jihar Adamawa, waɗanda suka ɗan haura digiri 50. Mafi kusa da Kano shi ne Rafin Rewa, wajen Lere a Jihar Kaduna, mai kimanin digiri 42. A Nijar kuwa akwai Tafadek a tsaunukan Azbin, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓɓai suka daɗe suna zuwa wanka.

Shi kansa sanin waɗannan wurare haɗin gwiwa ne ya kawo shi. Farfesa Krzysztof Schoeneich, ɗan ƙasar Folan da ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tare da Ewa Kurowska ta Jami'ar Silesia, sun tattara awon zafin da aka yi a rijiyoyin neman mai da na ruwa, suka zana taswirar zafin ƙarƙashin Nijeriya, suka gabatar da ita a babban taron duniya na Bali a 2010. Wuraren da suka fi ba da fata suna cikin kwarin Binuwai da kwarin Cadi da wani ɓangare na ƙasar Sakkwato, inda tulin yashi da laka mai kauri yake rufe zafi kamar bargo.

Arewacin Kano ba ya cikin wannan sahu. Yawancinsa yana zaune ne a kan tsohon falalen dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo a Kazaure da Dawakin Tofa, sai ta gabas da ya fara nutsewa ƙarƙashin yashin kwarin Cadi. Duwatsun Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa suna da yuraniyom da toriyom fiye da na sauran wurare, amma can kudancin jihar ne. Turawa sun gwada fitar da wuta daga irin wannan dutse a Soultz, kan iyakar Faransa da Jamus, aikin da ƙasashen biyu suka fara tare a 1987. Sun nutsa mita 5,000, suka sami digiri 200, suka tura ruwa ya ratsa tsagar dutsen ya dawo da zafi. Sai a 2008 wuta ta samu, kuma ba ta kai megawat biyu ba. Irin wannan tura ruwa ya jawo girgizar ƙasa a Basel ta Suwizalan a 2006 da Pohang ta Koriya ta Kudu a 2017, aka dakatar da ayyukan biyu. Gaskiyar magana, duk wanda ya yi wa Bichi alkawarin tashar tururi a wannan zamani, bai duba taswira ba. Ga wutar lantarki, rana ta fi sauƙi, ta fi araha, kuma Kano tana da ita a wadace.

Ba wuta kaɗai ba

Ragowar zafin da bai isa juya inji ba yana da nasa aiki. A Eburru ta Kenya, tun 1939 ake busar da furen da ake yin maganin sauro da shi a kan tururin da ke fitowa daga ƙasa, mutanen wurin kuma suna tarar tururin a bututu ya koma ruwan sha. Digiri 50 zuwa 70 ya isa busar da tumatir da tattasai da albasa. Wanda ya ga yadda tumatir yake ruɓewa a gefen madatsar Watari ko ta Tomas idan kasuwa ta cika, ko yadda ake shanya kauɗa a ƙasa ƙura na hawa, ya san darajar busarwa mai tsabta. Wannan ya fi dacewa da Lamurde da Akiri. Rabon arewacin Kano kuwa yana cikin waccan tsayayyar ƙasa mai digiri 27: idan aka binne bututu mai tsawo a zurfin mita uku ko huɗu, aka tura iskar bazara mai digiri 40 ta cikinsa, takan fito da sauƙin zafi, kuma hakan na iya rage wahala a aji ko ɗakin ajiyar iri da ƙaramar fanka kawai.

Masu nazarin halittu suna da tasu sha'awa ga maɓuɓɓugan nan. A 1966 Thomas Brock ya gano wata bakteriya a ruwan zafin Yellowstone ta Amurka, mai suna Thermus aquaticus, wadda ta fi jin daɗin rayuwa a digiri 70. Daga jikinta aka samo sinadarin da ba ya lalacewa da zafi, wanda ya sauƙaƙa hanyar ninka ƙwayoyin gado da ake kira PCR, hanyar da aka yi gwajin cutar korona da ita a 2020. Da 'yan Kenya suka lura cewa an kwashi irin waɗannan ƙananan halittu daga tafkin Bogoria an yi kasuwanci da su a waje, sun nemi haƙƙinsu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta sai an nemi izininta, kuma tana da rabo a ribar. Ruwan Zafi da Rafin Rewa suna jiran ɗaliban da za su ɗebi ruwansu su duba.

Ƙasar da take son shiga irin wannan haɗin gwiwa, abin da ake fara tambayarta shi ne alƙaluman awo. Tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano da tallafin Bankin Duniya, rijiyoyi sai ƙaruwa suke yi, kuma kowace ɗaya taga ce zuwa ƙarƙashin ƙasa. Makarantar sakandare da take da ma'aunin zafi a ɗakin gwaje-gwajenta tana iya fara aikin. A bar ruwa ya zuba na minti goma don wanda ya kwana a bututu ya fita, a tara a bokiti, a auna nan take a inuwa, a kuma auna iska. A rubuta sunan gari, da zurfin rijiyar idan an san shi, da rana da lokaci. A maimaita sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo. Rijiyar da ruwanta ya tsaya a digiri 28 ko 29 ba ta da wani labari. Wadda ta riƙa nuna 33 ko fiye, rani da damina, ta cancanci malamin kimiyya ya rubuta wa sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero ko na Zariya takarda, ya haɗa da littafin awon.