Daga Takardar Izini Zuwa Aza Harsashi: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, gonakin bakin gari da na gefen hanyar da ta bi ta Kurfi zuwa Katsina sun shiga zama fegi. Mutane da yawa suna tsammani da zarar hukuma ta sa hannu a kan taswira, sai kiran magina. Ba haka abin yake ba, kuma a tsakanin takarda da harsashi ne aikin Yandaka da Maradi da malamansu ya fi nauyi.

Da fari, lalle ne malami ya rarrabe takardu biyu. Akwai takardar shaidar riƙon fili, akwai kuma izinin gini. Dokar ƙasa ta 1978, wadda ta gaji dokar Arewa ta 1962, ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Shi ke ba da filin cikin gari, ƙaramar hukuma kuwa ta ba da na karkara. Izinin gini daga hukumar tsara birane yake fitowa, kuma ba ya mallaka wa kowa fili. Sa hannun Hakimi shaida ce, ba kyauta ba ce. Dokar tsara gari ta 1992 ta ƙayyade wa izini shekara 2. Wanda bai fara aiki ba cikinsu, sai ya koma a sabunta masa.

Sa'an nan sai awo. Taswira ba ta san kududdufi ba, ba ta san fa ba, ga shi kuwa ƙasar Dutsin-Ma ba ta rasa duwatsu. Saboda haka ran da safiyo zai kafa turakun siminti, ya kamata Dagaci da Mai Unguwa da maƙwabtan gona su hallara. Su ne suka san burtali da mashaya da tsohuwar maƙabarta, da inda ruwa ke bi cikin Agusta. Burtalin da aka yanka fegi ba ya ɓacewa daga zuciyar makiyayi. Da kaka zai dawo da shanunsa, rigima kuwa ta faɗa wa Hakimi. Haka kuma gonar gado: in magaji ɗaya ya sayar ba da yardar sauran ba, musamman mata da marayu, ginin zai tsaya a gaban alƙali komai kyawun taswirarsa. Malami ya rubuta sunan kowane magaji da rabonsa tun kafin kuɗi su shiga hannu.

Wajen lissafi ma a yi hattara. Fegi mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 450, watau hekta ɗaya ta ɗauki 22 a alƙalami. Amma fa ba za a sami 22 ba, domin titi da lambatu da filin makaranta da masallaci duk daga cikinta za su fita. Mai yankan da ya cike 22 ya sayar da hanya ke nan.

In Gwamnati ce ta karɓi fili don amfanin jama'a, doka ta ce a biya diyyar gini da shuka da itatuwa masu amfani. A ƙidaya su a gaban mai gona, a rubuta.

Saura hanya da ruwa. Madatsar Zobe an gama ta cikin 1983, amma sai 2021 aka buɗe kashin farko na aikin ruwan shan da ya dogara da ita. Don haka kafin a raba fegi, Hakimi ya tambaya wa zai share titi, wa zai sa kwalbati, kuma da kuɗin wa. A nemi amsa a rubuce, a ajiye kwafi a ofishin gunduma, a yi ƙoƙari a gama sharar titi da rani kafin saukar damina.