Famfo uku cikin wata biyu

A makon jiya aka jawo mini wata tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504 irin haɗin Kaduna, da ta mace da lodin shinkafa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Direban ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Maigida, famfon mai ne kuma, a sa sabo." Na uku ke nan cikin wata biyu. Na ɗaga bonet, sai ga famfon an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar mai ciwon kai.

Wannan tsumman na gaji da ganinsa. Direbobi sun ɗauka cewa in an jiƙa famfo mota ta tashi, to famfon ya gaji. Ba haka ba ne. Da bazara, zafin nan namu yakan haura digiri 40, fetur ya tafasa cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ruwa yake ja, ba ya jan tururi. Tsumman sanyaya shi kawai ya yi. Famfon da ya farfaɗo da ruwan sanyi da sauransa. A duba ko tiyo ya kwanta kusa da wurin zafi na injin, ko wani abu ya toshe hanya mai yana zuwa da ƙyar.

Gwajin bai kai minti goma ba. Bari injin ya huce, cire tiyon da ke shiga kafireta, sa bakinsa cikin kwalba, yaron mota ya murza makulli. In mai na tsartuwa da ƙarfi, rabu da famfo. In ɗiga yake, duba filta, duba tiyon da ya taso daga tanki ko ya tsage yana zuƙar iska, sannan buɗe murfin tanki: in ka ji ya ja numfashi, hancinsa ya toshe. Zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. In yana warin fetur, robar cikin famfon ta yage, a nan ne na yarda a canza, har da baƙin man. Masu Hilux mai injekta, naku famfon na lantarki ne, yana cikin tanki, ku fara da fiyus da rila da wayar at. Dukan tanki da sanda yakan tashe shi ya kai ka gida, amma ba gyara ba ne.

Mun sauke tankin 504 ɗin, muka juye a daro. Tsatsa ce ja wur, da yashi, da ruwa kwance a ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane lita biyar-biyar suke sha, rabi daga galan ɗin 'yan bumburutu, ba ko ƙyallen tacewa. Tankin da ya saba zama wayam gumi yake yi daga ciki, ya yi tsatsa. Famfon lantarki ma fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum allura tana kan ja ƙonewa zai yi. Mai shagon sifiya ba zai gaya maka wannan ba, kasuwarsa ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaure galan a saman mota a zuro tiyo zuwa kafireta. Kada ku yi. Ko da nisan bai wuce Gwadangaji zuwa cikin gari ba, kada ku yi. Gargada ɗaya ta isa tiyon ya zame, fetur ya kwarara kan injin mai zafi, ga mutane zaune kan buhuna a baya. Gara ka biya kuɗin ja, ka kwana a hanya ma ya fi.

Shi direban, mun wanke masa tanki, muka sa filta da sabon tiyo. Na ce ina famfon farko da aka cire? Ya lalubo shi ƙarƙashin kujera. Shi muka mayar, da shi ya koma Argungu da la'asar.